Daren Rakmaninof: kada ka tsallake waƙoƙin don jiran konceto

Tambayar da ta zo ita ce: "Yaya, ina shekara ta biyu a karatun likitanci a Mosko. Wani malaminmu ya ba ni tikitin zauren kiɗa, daren Rakmaninof ne zalla. A takardar shirin an rubuta cewa kafin hutu za a kaɗa gajerun kiɗan fiyano uku da waƙoƙi biyar, bayan hutu kuma Konceto na 2. Ban taɓa shiga irin wannan wuri ba. Mene ne bambancin abubuwan nan uku, kuma don me aka haɗa su a dare ɗaya? Abokina ya ce in yi zamana sai bayan hutu in shiga, wai konceton ne kaɗai abin ji."

Ƙanena, abokin nan naka so yake ya yi maka asarar rabin tikiti, kuma rabin da ya fi wuyar samu. Konceto na 2 kusan kowane mako ana kaɗa shi a wani birni na duniya, ko ka rasa shi bana za ka same shi baɗi. Waƙoƙin kuwa, a bakin mawaƙiyar da Rashanci ne harshen da ta sha a nono, ba ko'ina ake dacewa da su ba, kai kuma ga ka a garinsu. Shekaru na yi ina koyar da fiyano, kuma duk ɗalibin da ya kawo mini konceton nan yana son koya, waƙoƙin nake fara tura shi ya saurara. Zan gaya maka dalili, amma bari mu fara rarrabe kayan.

Bambancin a bisa fuska mai sauƙi ne. Kiɗan fiyano zalla mutum ɗaya ne da kayan kiɗa ɗaya, ba mai taya shi. Waƙa mutum biyu ne, mai rerawa a tsaye, mai fiyano a zaune, kuma akwai baitocin wani marubuci da aka ɗora wa kari. Rashawa "romans" suke kiran irin wannan waƙa, shi za ka gani a takardar. Konceto kuwa dogon kiɗa ne da aka rubuta wa gwani ɗaya tare da okestra, wato gungun makaɗa da kan kai mutum saba'in ko fiye, masu goge iri-iri, masu busa, masu ganguna, da jagora a gabansu riƙe da 'yar sanda. Yawanci kashi uku ake yi masa, na farko mai nauyi, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai gudu. A gefen kowane suna za ka ga an rubuta Op., ko соч. da harafin Rasha, da lamba a bayansa. Lambar jerin ayyukan mai tsara kiɗan ce, da ita ake gane wanne ake nufi idan sunaye sun yi kama.

Abin da ya haɗa su a dare ɗaya shi ne hannu ɗaya ya rubuta su, kuma hannun mai fiyano ne. An haifi Sergei Rakmaninof a 1873 a yankin Novgorod, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta St Petersburg, daga baya aka mai da shi Mosko hannun wani malami mai tsauri da ake kira Nikolai Zverev, wanda ke ajiye ɗalibai a gidansa yana tashe su atisaye tun da sassafe. Ya kammala sashen fiyano a 1891, na tsara kiɗa a 1892, da babbar lambar zinariya ta makarantar. A al'adar kiɗan Turai sau da yawa mai tsara kiɗa daban ne, mai kaɗawa daban, wani ya rubuta a takarda, wani ya karanta ya kaɗa bayan shekara ɗari. Rakmaninof yana cikin 'yan tsirarun da suka riƙe sana'o'in duka, har da ta jagorancin okestra. Don haka duk abin da ya rubuta wa fiyano, da yatsunsa ya gwada shi. Mutum ne dogo, kusan mita biyu, da tafin hannu mai faɗin gaske, yana iya kama maɓallai biyu masu nisan da yawancinmu sai mun yi tsalle. Masu ƙananan hannu har yau suna shan wuya a dalilinsa, ni ma ina cikinsu.

Gajerun kiɗan da za a fara da su, ban ga takardar ba amma zan iya yin rantsuwa irin da ake kira firelud ne, wato ɗan gajeren kiɗan fiyano mai zaman kansa. Ya rubuta guda 24: ɗaya a 1892, goma a Op. 23, sha uku a Op. 32 na 1910. Kowanne minti ɗaya ne zuwa shida, tunani ɗaya tak ake ɗauka a juya shi har ya nuna. Na 1892 ɗin, Op. 3 lamba 2, shi ne wanda ko ba ka san sunansa ba watakila ka taɓa ji. Sauti uku ne masu nauyi suke saukowa kamar an saki guduma, sai kuma tsit, a ci gaba da raɗa. A tsakiya abin ya rikice ya yi ta gudu, daga nan sautukan ukun su dawo da ƙarfin da ya sa sai da ya rubuta wurin a layi huɗu maimakon biyun da aka saba. Yana ɗan shekara 19 ya yi shi, ya sayar wa mai buga takardun kiɗa a kan kuɗi kaɗan, kuma da yake a lokacin Rasha ba ta cikin yarjejeniyar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa da ƙasa, kamfanonin Ingila da Amurka suka yi ta buga shi suna cin kasuwa, shi ko sisi bai gani ba. Abin haushi, duk garin da ya je wasa har tsufansa, jama'a ba sa barinsa ya tafi sai ya kaɗa musu shi. Ya gaji da shi ainun. Ni kuma ina ganin ya ɗan yi masa rashin adalci, domin duk abin da aka san shi da shi daga baya yana nan a cikin shafukan nan 'yan kaɗan, musamman ƙararrawa.

Ka riƙe maganar ƙararrawar nan, za ta yi maka amfani har ƙarshen dare. Ya tashi yana jin manyan ƙararrawar majami'un Novgorod lokacin da kakarsa ke yawo da shi, kuma kai da ke Mosko ka san yadda suke: wata ƙatuwa tana gurnani a ƙasa a hankali, ƙanana suna ɓarin sauti a sama. Haka yake raba hannuwansa biyu. Hagu ya buga can ƙasa ya bar sautin yana amo, dama ya yi ta yayyafi a sama, karin kuma ya ratsa ta tsakiya. Idan aka kaɗa Op. 32 lamba 12 za ka ji wannan ƙarara, hannun dama yana ƙyalƙyali kamar ruwa a rana, hagu yana rera waƙa. Op. 23 lamba 5 kuma tafiyar soja ce, ƙafa-ƙafa, sai a tsakiyarta ƙofa ta buɗe wani kari mai taushi ya shigo, kafin takun sojan ya dawo daga nesa.

To, ga matsalar da duk mai fiyano yake fama da ita, kuma ita ce mabuɗin daren gaba ɗaya. Fiyano kayan duka ne. A cikinsa akwai tsirkiyoyi fiye da ɗari biyu, kowane maɓalli cikin 88 ɗin yana ɗaga 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta daki tsirkiya ta koma. Da zarar an daka, sautin ya fara mutuwa ke nan, ba yadda za ka yi ka ƙara masa ƙarfi. Murya kuwa tana iya kama sauti ɗaya ta ja shi, ta kumbura shi, ta lanƙwasa shi. Duk rayuwar Rakmaninof ƙoƙari ce ta sa wannan akwatin guduma ya yi abin da maƙogwaro yake yi. Yana yaudarar kunne da dabaru: ya danna sautin kari da nauyi fiye da na kewaye da shi, ya cika ratar da ke tsakanin sauti da sauti da ƙananan motsi don kada ka lura wancan ya mutu, ya riƙe amo da ƙafa a kan feda, wato matakin da ke ƙasan fiyano wanda ke barin sauti ya ci gaba da amo. In ba ka ji yadda yake rubuta wa murya ta gaske ba, ba za ka gane abin da fiyanon ke kwaikwayo ba. Dalilin da ya sa nake tura ɗalibai ga waƙoƙin ke nan.

Ya rubuta waƙoƙi sama da tamanin tsakanin shekarun ɗalibtarsa da 1916. Da yake kana jin Rashanci ko yaya, ka nemi baitocin ka karanta kafin ranar, gajeru ne, wasu ba su wuce layi takwas ba. Akwai 'yan ƙalilan da ba a cika barin su a irin wannan dare ba.

Ɗaya tana cikin Op. 4, a kan baitocin Pushkin, babban marubucin waƙoƙin Rasha, inda mai magana ke roƙon wata kyakkyawa ta daina rera masa waƙoƙin ƙasar Jojiya, domin suna tuna masa wata rayuwa da wani gaɓar ruwa mai nisa. Abin lura a nan shi ne, waƙar da yake cewa a daina, fiyano ne yake rera ta. Tun kafin mawaƙiya ta buɗe baki, fiyano ya jima yana sauko da wani kari mai lanƙwasa irin na mutanen gabas, bisa sauti ɗaya da ke ta maimaituwa a ƙasa. Wato mawaƙiyar tana cewa a yi shiru, fiyanon yana ƙi. Saurayi ɗan shekara ashirin ya yi wannan tunani, kuma ya sadaukar da waƙar ga 'yar gwaggonsa Natalya Satina, wadda ya aura a 1902. Auren zumunci ne, kuma a cocin Rasha sai da aka sha fama kafin a ɗaura shi.

A wannan shekarar ta aure ya kammala Op. 21, inda biyu daga cikin mafi soyuwar waƙoƙinsa suke. Ta farko a kan furen lailak ce, wanda Rashawa ke kira siren, wannan fure mai ƙamshi da ka ga yana cika lambunan Mosko a watan Mayu. Mace ce take cewa da asuba za ta bi ta kan ciyawa mai raɓa ta je neman rabonta na farin ciki a cikin furannin. Fiyano ba ya yin komai sai wani ɗan kaɗawa mai sauƙi, kamar reshe a iska, ba hayaniya ko kaɗan. Ta biyun, Zdes khorosho, ma'ana "nan da daɗi", ba ta kai minti biyu da rabi ba. Mai magana yana kallon kogi daga nesa, ba kowa a wurin, sai shi da Ubangiji da furanni da wani tsohon icce da kuma mafarkinsa. Kusa da ƙarshe mawaƙiya za ta haura wani sauti can sama, kuma umarnin da ke takarda shi ne ta kama shi a hankali ƙwarai, kamar zare. Ihu a sama kowa ya iya. Raɗa a sama ita ce jarrabawa, a nan ake sanin maci tuwo. Da ta sauko ta yi shiru, kada ka ɗauka an gama, fiyano ne zai ɗauki karin ya ƙarasa abin da bakin ya kasa faɗa. Mutane da yawa a nan suke fara gyara zama da tari, su yi asarar wuri mafi kyau a waƙar.

Idan an sa ta ruwan bazara, daga Op. 14 na 1896 a kan baitocin Tyutchev, a nan za ka ga mai fiyano yana zufa. Ƙanƙara tana nan fari fat a gonaki, amma ƙoramu sun ɓalle suna shelar cewa sanyi ya ƙare. Ka ci hunturu biyu a can, ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi ga mutanen ƙasar. Rabon fiyano a waƙar nan ya kai wuyar konceto, ambaliya ce daga farko har ƙarshe, kuma mai fiyanon da ba shi da kunya yana iya nutsar da mawaƙiya gaba ɗaya. Shi ya sa a wasu zauruka za ka ga an sauke murfin fiyano rabi lokacin waƙoƙi, a ɗaga shi duka lokacin konceto. Ta ƙarshe kusan kullum ita ce Vokaliz, lamba 14 a Op. 34, wadda ya rubuta wa mawaƙiya Antonina Nezhdanova. Ba kalma ko ɗaya a cikinta, wasali ɗaya ake ja daga farko har ƙarshe, kusan minti shida. Ita ce gadar da za ta ƙetare da kai zuwa bayan hutu, domin waƙa ce da aka cire wa baiti, konceton kuma haka yake, sai dai ya fi girma.

Labarin yadda aka haifi Konceto na 2 sananne ne, har an cika masa gishiri, don haka bari in ba ka shi yadda yake. A watan Maris na 1897 aka fara kaɗa simfoninsa ta farko, wato dogon kiɗan okestra zalla, a St Petersburg, Aleksandr Glazunov yana jagora. Ba a yi atisaye isasshe ba, kiɗan ya watse, kuma daga baya matar Rakmaninof ta ce jagoran a buge yake. Wani mai sharhi, Cesar Cui, ya rubuta cewa da akwai makarantar kiɗa a jahannama, da wannan aiki ya burge mazaunanta. Saurayi ɗan shekara 23 ya karaya. Ba a sake kaɗa simfonin ba har ya bar duniya, sai a 1945 aka harhaɗa ta daga takardun makaɗa aka kaɗa a Mosko. Kusan shekara uku bai rubuta wani abin kirki ba. Ba wai kwanciya ya yi ba, a cikin wannan lokaci ne ya yi aikin jagora a gidan opera na attajiri Savva Mamontov, inda ya ƙulla abota da mawaƙi Fyodor Shalyapin. Alƙalamin ne kawai ya ƙafe. 'Yan uwa suka ga ko ganin babban mutum zai ƙarfafa masa gwiwa, aka kai shi wurin shahararren marubuci Tolstoy. A wata ziyara a farkon 1900 shi da Shalyapin suka yi wa tsohon wata sabuwar waƙarsa, tsohon ya tambaye shi ko akwai wanda ke buƙatar irin wannan kiɗa. An je neman magani an dawo da ƙarin ciwo.

Wanda ya yi amfani shi ne likita, kuma wannan zai yi maka daɗi. Dakta Nikolai Dahl, likitan ƙwaƙwalwa a Mosko, shi kansa mai kaɗa goge ne a lokacin hutunsa. Daga Janairu zuwa Afrilun 1900 Rakmaninof yana zuwa wurinsa kusan kullum, ana hira, ana gyara masa barci da cin abinci, likitan yana nanata masa cikin natsuwa cewa zai rubuta konceto, zai zo masa da sauƙi, kuma zai yi kyau. Kashi na biyu da na uku ya fara gamawa, ya kaɗa su a Mosko a Disambar 1900. Cikakken aikin aka kaɗa a Nuwambar 1901, shi a kan fiyano, ɗan uwansa Aleksandr Siloti yana jagora. Sunan Dahl ya rubuta a shafin farko.

Yanzu ga abin da za ka ji, kusan minti 35. Fiyano ne zai fara shi kaɗai, dunƙulen sauti takwas, kowanne da amsa daga can ƙasan maɓallai, daga raɗa suna ƙara nauyi har zauren ya cika. Ƙararrawar nan ce da na ce ka riƙe. Daga nan za ka zaci gwanin zai fito ya nuna kansa, tunda shi aka zo gani. Sai ka ji masu goge gaba ɗaya sun ɗauki babban karin, mai faɗi, mai duhu, fiyanon kuma ya koma ƙarƙashinsu yana ta murza igiyar ruwa. Ka dubi hannuwan mutumin a lokacin, aikin da yake yi ya isa ya karya yatsu, amma da ƙyar za ka rarrabe sautinsa. Ga sarki yana riƙe wa fadawa linzami. A waƙoƙin ka ga fiyano, wanda ake ɗauka ɗan rakiya ne, yana ƙwace magana ta ƙarshe. A nan kuma inda aka ba shi gari, ya zaɓi ya yi rakiya. Wanda bai zauna kafin hutu ba ba zai ga wannan juyi ba, zai dai ji kiɗa mai daɗi ya tafi.

Kari na biyu fiyano ne ke rera shi, yana hawa a hankali yana saukowa, kuma idan ka ƙirga za ka ga tsawon kowace gaɓa daidai take da numfashin mutum ɗaya. Can gaba abin zai yi ta taruwa har ya fashe: masu goge su dawo da karin farko, fiyano yana dukan tafiyar soja a kansu. Bayan ƙurar ta lafa, ka kasa kunne ga mai ƙaho guda ɗaya a bayan dandali, zai busa kari na biyun a hankali shi kaɗai. Wuri ne mai haɗari ga mai busa, sauti ɗaya ya goce kowa ya ji.

Kashi na tsakiya shi ne romans ɗin da ba baiti. Fiyano zai shimfiɗa tabarma da wani motsi mai sauƙi, wanda ya ɗauko daga wani ɗan kiɗa da ya rubuta wa wasu 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, 'yan uwansa, tun 1891. Mai sarewa ya fara, mai kilarinet, wani abin busa na katako, ya karɓa ya rera dogon karin, fiyano yana raka shi kamar yadda ya raka mawaƙiya ɗazu. Sai su yi musaya, fiyano ya rera, su su raka. A nan nake auna mai fiyano. Gudu da ƙarfi duk wanda ya fito daga babbar makaranta ya iya su, amma wanda zai saurari mai kilarinet ya ja numfashi tare da shi, ba kowa ba ne.

Kashi na uku ba ya buƙatar dogon bayani, shi zai ɗauke ka da kansa. Akwai wani kari da masu goge matsakaita da mai obo, wata 'yar uwar algaita, suke shigo da shi, wanda masu waƙoƙin zamani da masu fim suka yi ta ara har ya zama kamar na kowa. Bayansa akwai wani ɗan wuri mai ban mamaki inda komai ke tsayawa, fiyano yana zagaye wuri ɗaya, ana taɓa faranti na ƙarfe a hankali kamar daga wani ɗaki. A ƙarshe karin ya dawo da kowa da kowa, sannan a rufe da duka huɗu, dogo, gajere, gajere, dogo. Masu sha'awarsa suna cewa sunansa ne ya sa hannu da shi, Rak-ma-ni-nof. Konceto na 3, wanda ya fara kaɗawa a New York a 1909, shi ma da wannan duka yake rufewa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai masanan da ke ganin kiɗan nan ya cika zaƙi, wai hawaye ne na sayarwa. Wani babban ƙamus na kiɗa da aka buga a Ingila a 1954 har ya yi hasashen cewa farin jininsa ba zai daɗe ba. Hasashen bai ci ba. Amma zargin yana da ɗan tushe, sai dai laifin na masu kaɗawa ne da ke jan kowace gaɓa kamar ƙosai a mai. Shi kansa ya ɗauki konceton nan a faifai a 1929 tare da okestra ta Filadelfiya da jagora Leopold Stokowski, kuma yana nan a intanet. Ka saurara kafin ka je. Za ka ji yana tafiya da sauri fiye da yawancin na yau, ba ya tsayawa lallashin kowane sauti, kamar mai ba da labarin baƙin ciki da busasshiyar fuska. Haka aka ce yake a dandali, ba murmushi, ba kaɗa kai, ya zauna ya yi aikinsa. Yana da aƙidar cewa kowane kiɗa yana da ƙololuwa guda ɗaya tak, kuma duk sauran an gina shi ne don a isa can. Idan ya kuskure ta a wasa, ko jama'a sun tashi tsaye suna tafi, ransa a ɓace yake komawa. Ka gwada wannan a daren, a kowace waƙa ka tambayi kanka ina ƙololuwar take. Wani lokaci wurin da ya fi ƙara ne, wani lokaci kuma, kamar a Zdes khorosho, wurin da ya fi shiru.

Akwai wani abu game da waƙoƙin da ke sa ni kallonsu daban. Jeri na ƙarshe, Op. 38, ya rubuta shi a 1916, ya kuma raka mawaƙiya Nina Koshetz da kansa wajen rera shi. A Disambar 1917, bayan juyin juya hali, ya fita da iyalinsa da 'yan akwatuna ta hanyar Finland zuwa Suwidin, ya bar gidan gonarsu na Ivanovka a yankin Tambov inda ya rubuta yawancin ayyukansa. A Nuwambar 1918 ya sauka a New York. Yana da shekara 45, ba dukiya, sai ya mai da kansa mai yawon kaɗa fiyano gari-gari don ciyar da gida. A shekara 25 da suka rage masa, manyan ayyuka shida kacal ya kammala, kuma bai sake rubuta waƙar murya da fiyano ko guda ba. Ya gina gida a bakin tafkin Lucerne a Suwizalan, ya yi kuɗi, ya yi suna, amma wannan rijiyar ta ƙafe tun ranar da ya bar inda ake magana da harshen baitocin. Ya yi wasansa na ƙarshe a Knoxville ta jihar Tennessee ranar 17 ga Fabrairun 1943, ya rasu a Kalifoniya ranar 28 ga Maris, ba a mai da gawarsa gida ba, a jihar New York aka binne shi. Kai da ke zaune a ƙasar wasu, ina jin waƙar nan ta Pushkin za ta taɓa ka ta inda ba ka zata ba.

Sai 'yan abubuwan zaure. Ka isa da wuri, domin dole ka ajiye rigar sanyi a ma'ajiyar kaya, kuma layin yana da tsawo. Ana kaɗa ƙararrawa sau uku, bayan ta uku ana rufe ƙofa, wanda ya makara sai ya jira a waje har a kai gaɓa. In kana da zaɓin kujera, ɓangaren hagu idan kana fuskantar dandali shi ne inda ake ganin hannuwan mai fiyano. Waya a kashe ta gaba ɗaya. Ba a tafi tsakanin kashi uku na konceto, ko da na farkon ya ƙare da ƙarfin da zai sa hannunka ya yi ƙaiƙayi. Ni a karona na farko na tafa ni kaɗai a zaure mai cike da mutane, wata tsohuwa a gabana ta juyo ta dube ni, har yau ina tuna gilashin idonta. A waƙoƙi al'adar ta fi sassauci, wani wuri ana tafa wa kowace, wani wuri sai an gama jeri. Dabara ita ce ka dubi mai fiyano, muddin hannuwansa suna kan maɓallai ko ƙafarsa na kan feda, ba a gama ba.

Da an rufe da dukan nan huɗu kada ka ruga ɗaukar riga. Za ka ga mutane suna miƙa furanni daga gaban dandali, tafin kuma a hankali zai haɗu ya zama bugu ɗaya, kowa tare. Roƙon gyara ke nan, kamar yadda mai awo ke ƙara maka ɗan hannu bayan an cika mudu, su "bis" suke cewa. Mai fiyanon zai fita ya dawo sau biyu ko uku kafin ya sake zama. Yana iya kaɗa firelud ɗin nan na 1892 da mai shi ya gaji da shi. In ka yi sa'a kuma zai kaɗa waƙar lailak, domin Rakmaninof da kansa ya mai da ita kiɗan fiyano zalla, yakan kuma kaɗa ta a yawonsa na Amurka. Karin da ka ji a bakin mace awa ɗaya da rabi da ta wuce, sai ka ji shi yana fitowa daga tsakanin yatsu, ba baiti, makaɗa saba'in suna zaune da kayansu a cinya suna saurare tare da kai.